Yarinyar da ta iya ba da canji ta iya lissafi

Akwai wata yarinya a ajina na firamare biyu, a gefen garin Gwarzo, wadda in na rubuta 500 a ɗebe 150 a allo sai ta sunkuyar da kai. Ranar nan na hango ta a tasha da farantin gyaɗa. Wani direba ya ɗauki ƙulli uku na naira 50, ya miƙa mata 500, kafin ya ɓare ƙullin farko ta danƙa masa 350. Abin ya tsaya mini a rai. Ashe lissafin yana kanta, allona ne bai kai gare shi ba.

Mu malamai mun saba sa yara su rera jadawalin sau da Turanci har muryarsu ta dushe. Amma tsinko ɗaya daga tsakiya, ka ce 6 sau 4, sai yaro ya koma farko yana bi a hankali. Waƙa ya haddace.

Ga abin da nake yi yanzu, kuma ko sisi ba ya ci. Ina ba yara biyu 'ya'yan tsamiya goma. Ɗaya ya dunƙule wasu a hannu, ya bar sauran a ƙasa, ya ce: "Nawa na ɓoye?" In huɗu ne a ƙasa, abokinsa sai ya lalubo shida. Ranar farko za ka ga suna ƙirga yatsu a ɓoye. Ƙyale su, yatsu ba laifi ba ne. Bayan 'yan makonni amsa ke fitowa kafin a gama tambaya: bakwai da uku, takwas da biyu, shida da huɗu. Yaron da ya riƙe waɗannan abokan goma ba ya tsoron 8 a tara da 5, domin zai ciri biyu ya cika goma, ya ɗora ukun da suka rage. Wannan wasa kaɗai ya fi mini alli kwali guda.

'Yan mata kuwa carafke ta ishe su. Duk kwasar da aka yi sai in tambaya, saura nawa a ƙasa? Maza ina sa su tona gurbin dara, layi 5 kowanne da rami 6, su faɗa mini jimla ba tare da ƙirga ɗaiɗai ba. In sun zagaya ɗaya gefen suka ga layi 6 mai rami 5, har yanzu 30 ne, murnar da suke yi sai ka gani.

Manyan lambobi kuma da siririn kara: goma-goma a ɗaure, ɗauri uku da sili huɗu 34 ke nan. Irin wannan ɗauri da sili na cikin dabarun da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yaɗa, waɗanda shirin KaLMA ya gwada a Dawakin Tofa da Wudil daga 2019. Kara dai ba ya wuya a garuruwa irin su Getso ko Garo bayan girbi.

Iyaye, ku ma kuna da rabo a ciki. Harshenmu da kansa yana ɗebewa: in aka ce azumi talatin ba ɗaya aka yi, tambayi ɗanka kwana nawa ke nan. Uwa tana tuya, ta ce ƙosai 12 ne, ku uku ne, kowa nawa? Minti goma bayan magariba ya wadatar. Roƙona ɗaya, in ya kuskure kada a daka masa tsawa, a miƙa masa 'ya'yan tsamiyar ya sake lalube.

Wata malama daga Kabo ta ce mini ajinta ya cika maƙil, ina za ta iya? Na ce ta raba su biyar-biyar a gindin bishiya, kowane rukuni da tulin 'ya'yan tsamiyarsa da babba guda mai tambaya, ita kuma ta riƙa zagayawa tana kasa kunne ga mai jinkirin amsa.