Raƙumin dawa a kan dutse, mus a kan ƙyalle

A gundumomin Tasawa da Mayayi, cikin jihar Maraɗi, gona tana haɗe da gona. Ana noman gero da dawa da wake da gyaɗa. Akwai gawo cikin gonaki, akwai goriba da kaba a Gulbin Kaba. Yaron da ya tashi a wannan yanki ya san saniya da raƙumi da jaki da akuya. Yakan ga zomo ko kurege ko bushiya a bakin gona. Amma da wuya a samu wanda ya taɓa ganin zaki ko raƙumin dawa da idonsa. Labarinsu yake ji a tatsuniya da bakin tsofaffin mahalba. Idan kuwa ya san kamanninsu, to a zane ya gani: a littafi, ko a tambur na wasiƙa, ko a bayan babbar mota.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Zane yana nuna wa mutum dabbar da bai taɓa gani ba. Yana kuma zama shaida cewa dabba kaza ta taɓa zama a ƙasa kaza, ko da ta ƙare daga baya.

1. Raƙuman dawa na Dabus

Zanen namun daji tsohon aiki ne a ƙasar Nijar. A yankin Abzin, kamar kilomita 110 arewa da Agadas, kusa da hanyar Arlit, akwai wani dutse da ake kira Dabus. A jikinsa akwai zane fiye da 800. Wanda ya fi suna shi ne na raƙuman dawa biyu, babba da ƙarami. Tsawon babban ya kai mita 5 da santimita 40, wato daidai girman dabbar mai rai.

Waɗanda suka yi wannan aiki ba su da ƙarfe. Da dutse mai ƙarfi suka sassaƙa dutse mai laushi. Sun kankare, sun goge, sun fitar da kowane ɗigo na fatar dabbar. Daga bakin kowane raƙumin dawa sun ja wani layi har zuwa wurin wani ɗan ƙaramin mutum da ke ƙasa. Masana sun ƙiyasta cewa zanen ya yi shekara 6.000 zuwa 8.000. Wani Bafaranshe mai suna Christian Dupuy ne ya rubuta bayaninsa a shekara ta 1987.

A yau Dabus hamada ce. Amma raƙumin dawa ba ya zama inda babu itatuwa, domin ganye ne abincinsa. Ke nan a wancan zamani akwai ruwa da daji a wurin. Dajin ya tafi, dabbobin sun tafi, mutanen sun tafi. Zanen ne ya rage yana ba da labari.

2. Fentin mai

Kowace al'umma tana da nata launuka. A ƙasar Hausa marina suna samun shuɗi daga baba. Dukawa suna samun ja daga karan dafi. Magina suna ado da jar ƙasa da farar ƙasa. A ƙasashen Turai kuwa, tun ƙarni na 15, masu zane suka ƙware da abin da ake kira fentin mai.

Ga yadda ake yin sa. Ana niƙa ƙasa mai launi ko wani ma'adini har ya zama gari mai laushi. Sai a kwaɓa shi da man ƴaƴan wata shuka da ake kira lin. Ana ɗaure ƙyalle mai kauri a jikin katako huɗu, a ja shi ya miƙe kamar fatar ganga. A shafa masa farin shafe, a bari ya bushe. Daga nan mai zane ya ɗauki buroshi ya fara aiki.

Fentin mai ba ya bushewa da wuri. Yakan yi kwanaki. Saboda haka mai zane yana da lokacin gyara, yana iya haɗa launi da launi, ya ɗora wani bisa wani. Ta haka ake fitar da ƙyallin ido da laushin gashi da hasken rana a bayan dabba. Idan an adana shi inda babu laima da gara, zanen yakan yi ɗaruruwan shekaru.

Ga misali. A shekara ta 1827 mai mulkin Masar, Muhammadu Ali Basha, ya aika wa sarkin Ingila, Joji na 4, kyautar raƙumar dawa. Wani mai zane ɗan ƙasar Suwis, Jacques-Laurent Agasse, ya zana ta da fentin mai tare da masu kiwonta. A bayansu ya zana shanun da ake tatsa ana ba ta madara. Raƙumar ba ta daɗe ba, ta mutu a 1829. Zanen kuwa yana nan cikin kayan gidan sarautar Ingila.

3. Dabbar da ake kira mus

Kamar yadda raƙumin dawa ya ja hankalin mutanen Dabus, haka wata dabba ta ja hankalin masu zane a ƙasashen sanyi. A Amurka da Kanada ana ce mata mus. Da Faransanci ana ce mata elan, a Kanada kuma orinyal. Ana samun ta a arewacin Amurka, da arewacin Turai, da Rasha.

Mus babban naman daji ne. Tsayin tozonsa daga ƙasa yakan kai mita 2, nauyin babban namiji kuma yakan wuce kilo 500. Yana da dogayen ƙafafu da dogon hanci mai lanƙwasa da leɓe a ƙarƙashin wuya. Yana cin ganyen itatuwa da ciyawar cikin ruwa, kuma gwanin iyo ne. Namiji kaɗai ke da ƙaho. Ƙahon yana da faɗi kamar tafin hannu da yatsu, kuma daga wannan baki zuwa wancan yakan wuce mita 1 da rabi. Ƙahon sa da na barewa suna zama har mutuwa. Na mus kuwa yana faɗuwa kowace shekara da sanyi, sabo ya tsiro.

A shekara ta 1770 aka kawo wani ɗan mus daga Kanada zuwa Ingila. Wani likita masani, William Hunter, ya sa George Stubbs, gwanin zanen dawaki, ya zana shi. Dalili shi ne, a ƙasar Ayalan ana tono wasu manya-manyan ƙahoni daga cikin ƙasa. Wasu suna cewa na mus ne. Likitan yana son ya gwada ya gani. Da yake dabbar ba ta girma ba, sai mai zanen ya ƙara ƙahon babban mus a ƙasa, kusa da ƙafafunta. A yau masana sun tabbata cewa ƙahonin Ayalan na wata dabba ce dabam, wadda ta ƙare tun dubban shekaru. Zanen yana ajiye a birnin Gilasgo.

Wanda ya fi suna wajen zanen mus shi ne Carl Rungius. An haife shi a Jamus a 1869. Ya koyi zane a Balin, yana zuwa gidan namun daji yana kallon dabbobi. A 1894 ya tafi Amurka farautar mus, daga baya ya zauna can. Idan zafi ya shigo sai ya shiga daji da duwatsu. Yana kallon yadda dabba take tsayuwa da yadda take tafiya. Yana auna wadda aka harbe, yana yin ƙananan zane a nan take. Idan sanyi ya shigo sai ya koma birnin Niyok ya yi manyan zane. A 1921 ya gina ɗakin aikinsa a Banf, cikin duwatsun Kanada. Ya rasu a 1959. Abin da ya sa ake yabon aikinsa shi ne, ya san dabbar tun daga ƙashi har gashi, ya kuma zana ta a cikin dajinta.

4. Masu tara zane

Akwai mutanen da suke sayen zane suna tarawa, kamar yadda wani yake tara dawaki ko tsofaffin takubba. Wani yana saye don sha'awa, wani don ya sayar da riba. Sau da yawa a gwanjo ake cinikin: a ɗaga zane, kowa ya taya, wanda ya fi bayarwa ya ɗauka. Kafin mai saye ya taya, yakan yi tambaya huɗu. Wa ya zana shi? Yaushe? Ya lalace ko yana nan garau? Ta hannun su wa ya biyo? Tambaya ta ƙarshe tana kare shi daga sayen jabu ko kayan sata.

Zanen da ke ɗakin mutum ɗaya, shi da baƙinsa kaɗai ke ganinsa. Don haka wasu masu tarawa sukan ba da nasu ga gidan ajiye kayan tarihi. A garin Jakson na Amurka an buɗe gidan zanen namun daji a 1987, kuma yana da ayyukan Rungius masu yawa. Akwai wasu a gidan Glenbow na birnin Kalgari a Kanada. A Nijar, babban gidan kayan tarihi na Yamai, wanda aka kafa a 1959, yana ɗauke da sunan Bubu Hama.

Zanen Dabus ba na sayarwa ba ne, gadon ƙasa ne. Amma an ga alamun ɓarna a jikinsa: wasu sun tattake shi, wasu sun yi rubutu, wasu sun ɓalli dutsen. A 1999 ƙwararru suka shafa masa wani irin danƙo, suka ɗauki siffarsa, suka zuba irinsa da sanholo. An kafa ɗaya a filin jirgin sama na Agadas. Ta haka jama'a suke ganinsa ba tare da sun taka na asali ba.

5. Kama da wane ba ta wane

Komai kyan zane, ba ya numfashi, ba ya haihuwa. A da, raƙumin dawa yana yawo daga Senegal har tafkin Cadi. Fari da farauta da saran daji suka rage shi. A shekara ta 1996 guda 49 kaɗai suka rage a Afirka ta Yamma, dukansu a Nijar, a yankin Kure, kamar kilomita 60 daga Yamai. Hukuma ta tsananta hana farautarsu, mutanen ƙauyuka suka ba da hannu. Zuwa 2018 sun wuce 600.

A watan Nuwamba na 2018 aka ɗauko guda 8 a mota, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su, aka sake su a gandun dajin Gadabeji, arewa da Dakoro, cikin jihar Maraɗi. An keɓe wannan gandu tun 1955, amma ya yi kusan shekara 50 babu raƙumin dawa a cikinsa. A 2022 aka ƙara guda 4. Tun daga nan an samu haihuwa a can.

Naman daji ba ya komowa sai da daji. Raƙumin dawa yana son ganyen gawo da aduwa. Manoman Tasawa da Mayayi da maƙwabtansu sun san darajar waɗannan itatuwa. Tun shekarun 1980 suke yin sassaben zamani: idan ana sharar gona, ba a tumɓuke tohon itace duka, sai a zaɓi mai ƙarfi a bar shi ya girma. Yaron da ya bar ɗan gawo ya tashi ya taimaki gona, ya taimaki tsuntsu da dabba. Wanda kuma ya zauna ya kalli dabba da kyau ya zana ta, ya bar shaida ga na baya.

Ma'anar kalmomi

Ma'adini: abin da ake haƙowa daga ƙasa, kamar kanwa ko tama.
Gwanjo: cinikin da ake yi a bainar jama'a, wanda ya fi tayi ya saya.
Jabu: abin da aka kwaikwaya don a yaudari mai saye.
Gandun daji: dajin da hukuma ta keɓe, ta hana sara da farauta a cikinsa.

Tambayoyi

1. Me zanen Dabus yake nunawa game da yankin Abzin na da?
2. Da me da me ake haɗa fentin mai?
3. Mene ne bambancin ƙahon mus da ƙahon sa?
4. Don me William Hunter ya sa aka zana mus?
5. Waɗanne tambayoyi mai sayen zane yake yi?
6. Raƙuman dawa nawa aka kai Gadabeji a 2018 da 2022 gaba ɗaya?

Aiki

a) Ku tambayi tsofaffin garinku sunayen namun dajin da suka gani da ƙuruciyarsu. Ku rubuta su a kaye da Hausa da Faransanci. Ku ja layi a ƙarƙashin waɗanda babu su yanzu.
b) Ku kalli raƙumi yana tafiya. Ƙafafun gefe ɗaya tare suke ɗagawa, kamar na raƙumin dawa. Ku zana shi da gawayi da jar ƙasa da farar ƙasa.
c) Kowa ya rubuta sunansa da sunan garinsu da kwanan wata a ƙarƙashin zanensa. Ku tara su a bangon aji.