Amsar Tambaya: Sana'ar Kwalliya da Takardar Shaida

Tambaya: Anti, ina Barnawa, na gama sakandare. Ina son gyaran jiki ya zama sana'ata, har da takardar shaida. Ta ina zan fara?

Amsa: 'Yata, fara zama ƙarƙashin ƙwararriya, ki koyi kitso, dilka da lalle har hannunki ya faɗa. Batun takarda, jarrabawar NABTEB tana da fannin kwalliya, Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ma tana gwajin sana'a. Sunan shago kuwa, CAC ke masa rajista.

Inda zan ja kunnenki shi ne man bilicin. Za a kawo miki amarya a ce ta yi fari kafin ɗaurin aure, kuɗin ma da tsoka. Ki ƙi. Man da ba lambar NAFDAC kada ya shigo shagonki, reza kuma kowa da sabuwarsa.