Darasin Kimiyya: Yadda Giɓin Karatu Ke Samuwa Tsakanin Ɗalibai

Karatu aiki biyu ne a haɗe. Na farko shi ne haɗa baƙi, wato yaro ya ga "b" da wasalin "a" ya furta "ba", ya jera gaɓoɓi har kalma ta fito. Na biyu shi ne fahimtar harshe, wanda ya dogara da rumbun kalmomin yaro, wato yawan kalmomin da ya san ma'anarsu.

A 1986 masana biyu, Gough da Tunmer, suka nuna cewa ninka waɗannan biyun ake yi, ba tarawa ba. Duk abin da aka ninka da sifili, sifili ne. Don haka yaron da ya iya furta kalma bai san ma'anarta ba, bai yi karatu ba. Haka ma wanda ya san ma'ana amma ya kasa haɗa baƙi.

Mu ɗauki ɗalibar aji uku a wani ƙauyen Rogo. Ta san sassabe, huɗa, firi da maimai, kalmomin da ɗan birni zai yi ta inda-inda a kansu. Rumbunta ba fanko ba ne. Sai dai jarrabawa kalmomin littafi take tambaya, sau da yawa da Turanci, harshen da ba ta ji a gida. Ga shi gidan babu littafin labari, damina kuma ta kan raba ta da aji.

Daga nan giɓin ke buɗewa. Wanda ya iya karatu da wuri yakan ji daɗinsa, ya ƙara karantawa, ya tsinci sababbin kalmomi, karatun ya ƙara masa sauƙi. Wanda ya sha wuya kuwa gudun littafi yake yi. Masani Keith Stanovich ya bayyana wannan zagaye a 1986.

Yaya ake auna karatun yaro? Malami ya zauna da yaro shi kaɗai, ya ba shi gajeren labari, ya ƙirga kalmomin da ya karanta daidai cikin minti ɗaya, sannan ya yi masa tambayoyi. Ƙirgar tana auna haɗa baƙi, tambayoyin suna auna fahimta. A ganina wannan ya fi jarrabawar ƙarshen zango amfani nesa ba kusa ba, domin yana nuna wane ɓangare ne ya gurgunce.

Wani shirin koyar da karatu mai suna KaLMA ma ya auna yara ɗaya bayan ɗaya daga 2019 a Wudil da Dawakin Tofa: aka raba yara rukuni-rukuni bisa matakin karatunsu, ba bisa ajinsu ba, aka fara da Hausa.