Da'irorin Duwatsu: Aikin Aljanu ko na Mutane?

Idan manomi a Sabon Birni ko Isa ya tono wani dutse mai santsi da kaifi a gona, sau da yawa yakan ce gatarin aradu ne, wato tsawa ce ta jefo shi. Binciken kimiyya ya nuna cewa mutanen zamanin dutse ne suka wasa shi da hannunsu. Haka ɗan Adam yake: abin da ya manta asalinsa yakan nema masa labari.

Babban misali shi ne da'irorin duwatsu na Senegal da Gambiya. A wurare huɗu, wato Wassu da Kerbatch da Wanar da Sine Ngayene, akwai da'irori 93 na ginshiƙan marmara, irin wadda muka sani a ƙasarmu. An sassaƙa su da kayan ƙarfe, kuma an tarar da kaburbura a ƙarƙashinsu. Hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihi na duniya a 2006. A Wassu, masu ziyara kan ɗora tsakuwa a kan ginshiƙi don neman biyan buƙata. A Ingila ma an daɗe ana cewa wani boka, Merlin, shi ya kawo duwatsun Stonehenge. A Azbin kuwa, inda Gobirawa suka zauna kafin su gangaro kudu, akwai kaburburan tsibin duwatsu da suka girmi zuwan Musulunci.

To, yaya ake gane shekarunsu? Duk mai rai yana ɗaukar wani nau'in sinadari, kabon-14, ta hanyar abinci ko iska. Da ya mutu sai ɗaukar ta tsaya, kuma rabin abin da ke jikinsa yakan ƙare cikin shekara 5,730. Saboda haka ba dutsen ake aunawa ba, ƙashi ko gawayin da ke ƙarƙashinsa ake aunawa. Wanda ya haƙe wurin ya kwashe duwatsun don gini, ya shafe shaidar har abada.

Wannan ya shafe mu, domin muna da kufai irin na Alƙalawa, wadda ta faɗi a 1808. Ɗalibai, idan kun ga irin waɗannan alamu, kada ku tona. Ku zana wurin, ku rubuta abin da tsofaffi suka faɗa a kansa, ku sanar da malaminku. Sau da yawa tsoron aljanu ne ya kare kufai har muka tarar da shi. Yanzu ya kamata ilimi ya karɓi wannan aiki.