Faɗa-wuta Mai Dogon Harshe

Kun san faɗa-wuta, ƙwarin nan da su kan kewaye fitila da dare. Irinsu da yawa ne. A cikinsu akwai waɗansu manya, masu kaurin jiki da fikafikai masu tsini, suna da saurin tashi har Turawa suna kamanta su da shaho. Sa'anda za su sha ruwan zaƙi na fure, su kan tsaya cikin iska suna kaɗa fikafikai, su miƙa harshe ciki. In sun ƙoshi, sai su naɗe harshen kamar gammo.

Wanda za mu koya a wannan wata, masana suna ce da shi Xanthopan morganii. Yana zaune cikin kurmi a ƙasashen Afirka masu zafi. Tsutsarsa ta kan ci ganyen gwandar daji da na itatuwa dangin kimba. Harshensa ya fi jikinsa tsawo ƙwarai.

To, ina amfanin harshe haka? Ku ji labarin.

A shekara ta 1862 aka aika wa wani masani a Ingila, Charles Darwin, wani farin fure daga tsibirin Madagaskar. Furen yana da siririn bututu, tsawonsa inci 11 da rabi, ruwan zaƙin kuwa yana can ƙasa. Darwin ya ce lalle akwai ƙwaro a tsibirin mai harshen da ya isa wurin, gama in ba mai ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan, ba za a sami iri ba. Tsawon bututun shi ke tilasta wa ƙwaron ya cusa kansa har garin ya manne masa. A 1867 Alfred Wallace ya goyi bayansa, ya ce ya auna harshen namu na Afirka, ya sami inci 7 da rabi. A nemi ɗan'uwansa a Madagaskar.

Darwin ya mutu a 1882, bai gan shi ba. Sai a 1903 aka bayyana ƙwaron, aka raɗa masa suna praedicta, watau wanda aka faɗi labarinsa tun da wuri. Duk da haka ba a shaida shi yana sha daga furen ba sai a 1992, domin aikinsa na dare ne, cikin duhun kurmi. A 2021 masana suka ce na Madagaskar iri ne dabam da namu. Sun auna harshen wani, ya wuce inci 11.