Babu bizar Ghana, babu bizar Nijar: kuɗin da ake karɓe wa matafiya a banza

Sana'ata ita ce shirya wa matafiya takardu a Fagge da ke Kano, kuma yawancin masu shigowa ofishinmu ba masu hawa jirgi ba ne. 'Yan kasuwa ne na Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari, da mata masu sarin atamfa da turare, da samari masu zuwa neman aiki, waɗanda za su bi ƙasa zuwa Maraɗi, Damagaram, Yamai, Kwatano, Lome ko Akra. Tambayar da ta fi yawa a bakinsu ita ce nawa za a yi musu biza. Amsar kuwa ita ce ko sisi, domin ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza kafin ya shiga ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa. Duk wanda ya karɓi kuɗinka da sunan bizar Ghana ko ta Togo ko ta Benin, ya sayar maka da abin da babu shi ne.

Wannan ba alfarma ba ce da wani jami'i yake yi wa matafiyi. An kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas ranar 28 ga Mayun 1975, kuma a 1979 shugabanninta suka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar walwalar jama'a. Abin da ta tanada a sarari yake: ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar zai shiga wata ƙasar ƙungiyar ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin yana riƙe da takardar tafiya mai inganci da katin rigakafi, kuma ya shiga ta ƙofar da hukuma ta sani. Takardar tafiya na nufin fasfo, ko kuma ƙaramin littafin tafiya na ECOWAS da hukumar shige da fice take bayarwa. Yarjejeniyar ba ta sa kuɗi a kan buga tambari ba.

Na san masu zuwa Nijar za su ce ai lissafi ya canza, kuma lallai wani abu ya canza. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar an rufe iyakarta da Najeriya, ba a buɗe ba sai a Maris na 2024, sannan ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Amma ƙasashen uku sun sanar tun a Disambar 2024 cewa 'yan ECOWAS za su ci gaba da shiga ƙasashensu ba biza, sai dai sun riƙe ikon hana wanda ba su yarda da shi ba. Ita ma ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasashen uku har sai an ji sabon bayani. Abin da ya ƙaru shi ne tsananin bincike. Saboda haka shawarata ga mai zuwa Nijar a yanzu ita ce ya riƙe cikakken fasfo, kuma idan yana da shakka ya je ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke nan Kano ya tambaya da bakinsa, maimakon ya tambayi ɗan kamasho a tasha.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, cutar tana farawa ne tun daga gida, kafin mutum ya ga shinge ko ɗaya. Wata baiwar Allah ta zo mana da fasfonta sabo fil, za ta bi motar dare daga New Road zuwa Legas, daga can ta wuce Lome sarin kaya. Ta zaro wata takarda daga cikin leda, an buga mata ita da kwamfuta, da tutar Togo a sama da hotonta a gefe, har da wani jan hatimi a ƙasa. Ta ce, "Alhaji, duba mini ko bizar nan ta yi, don wanda ya yi mini ya ce sai na ƙara masa kuɗin sa hannu." Na juya takardar, babu lamba, babu sunan ofishin da ya bayar. Na ce, "Hajiya, wannan takarda ba ta da amfani a ko'ina, kuma kada ki nuna ta a boda, domin takardar jabu ce, za ta iya ja miki tsarewa. Fasfonki kaɗai ya ishe ki." Ta yi shiru tana kallon takardar. Kuɗin da ta bayar daga jarinta ta cire.

Irin waɗannan mutanen a cikin sana'armu suke fakewa, kuma su suke sa a yi mana kuɗin goro. Haka abin yake wajen fasfo. Daga 1 ga Satumbar 2025, kuɗin fasfo mai shafi 32 na shekara 5 naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara 10 kuma naira 200,000, ana biya ta shafin intanet na hukumar shige da fice. Wanda ya cike maka fom yana da haƙƙin ya karɓi ladan aikinsa, amma ya gaya maka wannan na gwamnati ne, wannan nawa ne, ya miƙa maka shaidar biyan da ta fito daga shafin. Idan ya haɗe maka su a dunƙule ya ƙi rarrabewa, akwai abin da yake ɓoyewa.

Sai kuma ita kanta hanyar. Ko ta Jibiya aka bi zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, ko ta Kwangwalam zuwa Matamaye da Damagaram, ko ta Maigatari, ko Illela zuwa Ƙonni, ko Seme zuwa Kwatano, salon kusan ɗaya ne. Ba a cewa cin hanci. Ana cewa "kuɗin tambari", "na goro", "na ruwa", "a sallami oga". A ɓangaren masu sefa sai ka ji "jaka ɗaya" ko "jaka biyu". Wanda fasfonsa bai taɓa shan tambari ba sai a ce nasa ya fi tsada, alhali babu dokar da ta bambanta sabon fasfo da tsoho. Sau da yawa ma fasinja ba ya ganin jami'in. Kafin a isa, yaron mota zai juyo ya ce, "Jama'a, a haɗo na boda, mai takarda kaza, marar takarda kaza." Kowa ya miƙa, a tattara fasfo a hannu ɗaya, a shiga ciki, a fito. Ba ka san nawa aka bayar ba, ba ka san nawa ya tsaya a aljihun wanda ya kai ba, kuma wani lokaci sai an yi nisa za ka buɗe fasfonka ka tarar ba a buga komai ba.

A nan nake so a tsaya a lura, domin mutane da yawa suna ɗauka wucewa ba tambari sauƙi ne. Tambarin shiga shi ne shaidarka cewa ka shigo ta ƙofa, kuma daga ranar da ke jikinsa ake ƙirga kwana 90 ɗinka. Idan babu shi, kowane jandarma da ya tare ka a cikin ƙasar yana da abin kama ka da shi, kuma ranar fita za a tambaye ka ta ina ka shigo. Wanda ya hau babur ya bi ɓarauniyar hanya don ya kauce wa jaka ɗaya, ya mayar da kansa abin tatsa har ya dawo gida. Ka riƙe fasfonka da hannunka, ka shiga layi da ƙafarka, ka duba tambarin fita da na shiga, ka duba kwanan watan kafin ka bar gaban tebur.

Katin rigakafin shawara shi ne wata babbar kafa. Mutane suna raina shi, su tafi ba shi, ko su sayi wanda aka cike a bakin tasha ba tare da an yi musu allura ba. Tun 2019 Najeriya ta koma katin da ake yi wa rajista ta intanet, a biya kuɗin gwamnati, sannan a je ofishin kula da lafiyar matafiya a karɓa, kuma ana iya tantance shi. Ga abin da yawancin matafiya ba su sani ba: daga 11 ga Yulin 2016, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa allurar shawara guda ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Dā shekara 10 ce, yanzu an cire wannan iyaka. Wanda ya ce maka allurarka ta tsufa don ta wuce shekara 10, ka biya tara, ba shi da hujja. Amma wanda bai yi allurar ba, ya sani ba jami'in yake yaudara ba. Shawara cuta ce mai kisa, kuma tana nan a yankinmu.

Masu shiga da motarsu su nemi katin inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda aka kafa tsarinsa tun 1982, su haɗa da takardun mota da izinin shigar da ita na wucin gadi daga kwastan. Wannan izini yana da kuɗi na halal, kuma yana da rasit. Masu canji a Wapa da masu ɗaukar kuɗin sari su tuna cewa dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta bayyana wa kwastan duk kuɗin da ya haura dalar Amurka 10,000 ko kwatankwacinsa. Bayyanawa kyauta ce. Ɓoyewa ce take sa mutum ya tsinci kansa yana roƙon a raba kuɗinsa da shi.

Ma'aunin da nake ba kowa guda ɗaya ne. Kuɗin hukuma yana da suna, yana da tsayayyen farashi, yana da rasit mai ɗauke da sunan hukumar. Wanda ake ciniki a kansa, a fara da jaka biyar a sauko biyu, ba na hukuma ba ne. Harajin kaya gaskiya ne, mai kaya ya biya ya karɓi takardarsa. Wanda takardarsa ba ta cika ba, shi ma akwai hukuncinsa a rubuce. Amma mutumin da fasfonsa da katinsa suke daidai, babu abin da ake bin sa.

Za a ce mini ai ɗan abu ne, da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma tun zamanin fatake ake biyan kuɗin hanya. Gaskiya ne ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sarin goro yana biyan kuɗin fito da gaisuwar sarakuna, kuma Fagge ɗin nan zangon ayari ce tun asali. Sai dai wancan kuɗi madugu ne yake daidaita shi a bainar jama'a da mai ƙasa, kowa ya san rabonsa, kuma a madadinsa ana samun kariya da mashaya. Na yau ba ya shiga asusun kowace ƙasa, ba ya gyara ko rami ɗaya a hanya. Ba kuma ɗan abu ba ne. A ce mota ta ɗauki mutum 18, kowa ya ba da naira 500 a shinge 10, an tashi da naira 90,000 a tafiya ɗaya, kuma duk a kan farashin atamfa da wake da dabino zai sauka. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya ƙiyasta cewa a 2023 kaɗai 'yan Najeriya sun miƙa wa ma'aikatan gwamnati cin hanci na tsabar kuɗi kimanin naira biliyan 721, matsakaicin abin da ake bayarwa a lokaci guda kuwa naira 8,284. Da irin waɗannan ƙananan kuɗaɗe aka tara biliyoyin. Wanda ya fi jin jiki kuma ba babban ɗan kasuwa ba ne, shi yana da wakilinsa a boda. Matar da jarinta bai taka kara ya karya ba ce, da dattijon da ba ya karatun boko, da yaron da bai iya Faransanci ba.

Wannan binciken ya nuna wani abu da ya ƙarfafa mini gwiwa: kashi 70 cikin 100 na waɗanda aka nemi cin hanci a hannunsu sun ƙi bayarwa aƙalla sau ɗaya, kuma Arewa maso Yamma ce ta fi ko'ina, da kashi 76. Ƙin bayarwa abu ne da mutanenmu suke yi, yana kuma yiwuwa. Yadda na ga yana aiki shi ne da ladabi da haƙuri. Ka yi sallama, ka miƙa takardunka, idan an ambaci kuɗi ka ce, "Ranka ya daɗe, na mene ne? Idan na gwamnati ne zan biya, a ba ni rasit." Kada ka ɗaga murya, kada ka zaro waya ka fara ɗaukar hoto, domin a wuraren tsaro wannan kaɗai zai iya zama laifi. Sau da yawa za a ajiye fasfonka a gefe a bar ka a tsaye, don an san direba zai matsa maka. Shi ya sa ya kamata fasinjoji masu cikakkun takardu su yi magana da direba tun a tasha, su daidaita cewa za a jira juna, kuma a yi ƙoƙarin isa boda da rana. Akwai jami'ai na kirki da yawa da za su buga maka tambari su ce Allah ya kiyaye hanya, kuma idan na gaban tebur ya ƙi, neman ganin shugaban wurin yakan warware magana.

Ba zan ce wa mace ita kaɗai da goyo, cikin dare a dajin da ba ta san kowa ba, ta tsaya jayayya ba. Idan abin ya kai ga barazana, lafiyarka ta fi kuɗin. Amma ka riƙe ranar da lokacin, da sunan wurin, da sunan da ke ƙirjin rigar jami'in, da adadin da aka karɓa, da lambar motar da ka hau. Idan a ɓangaren Najeriya ne, hukumar ICPC da aka kafa a 2000 tana karɓar irin wannan ƙorafi, kuma hukumomin shige da fice da kwastan suna da teburin SERVICOM na sauraron koke. Idan wanda ya cuce ka mai shirya takardu ne a nan cikin gari, akwai 'yan sanda, akwai kuma hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano. Idan a ƙetare ne, a kai wa ofishin jakadancin Najeriya da ke ƙasar. Ƙorafin mutum ɗaya yakan kwanta a cikin fayil, shi ya sa nake roƙon shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Kwari da Singa da Sabon Gari, da na direbobi, su ajiye littafi a ofisoshinsu inda duk wanda ya dawo daga tafiya zai rubuta abin da aka karɓa a hannunsa da inda aka karɓa, a riƙa tattarawa duk wata ana miƙawa da sunan ƙungiya.