Raba Katunan Kalmomi Tsakanin Kwamfutoci Biyu: Darasi Daga Arlit

Haƙar yuraniyom, wadda kamfanin SOMAIR ya fara a Arlit a 1971, ta tara Abzinawa da Hausawa da Zabarmawa wuri guda, ga kuma Faransanci a bakin aiki. Ɗalibin kimiyyar harshe da ke tattara kalmomin mahaƙa yakan zuba su cikin manhajar Anki, wadda Damien Elmes ya fitar a 2006. Kowane kati yana ɗauke da kalma da ma'anarta, manhajar kuma tana tsara ranar da za a sake bitarsa.

Matsala takan taso ne idan ɗalibi yana aiki da kwamfutoci biyu, ɗaya a Arlit ɗaya a Yamai, sai ya sanya bayanan Anki cikin jakar Dropbox domin su daidaita da kansu. Anki tana ajiye katuna da tarihin bita a fayil guda, mai suna collection.anki2. Dropbox kuwa kwafar fayil kawai yake yi, bai san abin da ke ciki ba. Idan intanet ta yanke kafin aikin Arlit ya hau, aka kuma buɗe kwamfutar Yamai, za a samu kwafi biyu masu saɓani, ba tare da hanyar haɗa su ba. Idan kuma an kwafi fayil ɗin alhali manhajar tana rubutu a cikinsa, yana iya lalacewa. Shi ya sa jagorar Anki ta yi gargaɗi a kan wannan dabara.

Hanya mafi aminci ita ce AnkiWeb, wadda aka gina domin wannan aiki. Wanda ya fi son jakar haɗaka sai ya kiyaye ƙa'idoji uku. Na farko, ya fitar da tarin katunan duka a fayil ɗin .colpkg, tare da muryoyin da ya naɗa, ya sa masa kwanan wata. Na biyu, ya tabbatar fayil ɗin ya gama hawa kafin ya kashe kwamfuta. Na uku, ya sani cewa shigar da shi a ɗaya kwamfutar yana share abin da ke can, don haka kada a yi bita a wurare biyu lokaci guda.

An rufe mahaƙar COMINAK da ke Akokan a watan Maris na 2021, ma'aikata da dama sun watse. Kalmar da aka naɗa daga bakin tsohon mahaƙi, in ta salwanta, samun mai maimaita ta sai an sha wuya.